Shin Ko Kun San Katin Intanet Ma Yana Ciniki?

Shin ko kun san duk lokacin da aka cusa wayar intanet a bayan kwamfuta, sai an yi ciniki kafin 'yar fitilar nan ta kama? Ciniki sosai! Katin sadarwar kwamfutarku ya faɗi irin gudun da yake iyawa, na'urar da ke ɗaya bakin wayar ta faɗi nata, sannan su daidaita a kan mafi girman gudun da dukansu biyu za su ɗauka. Tun 1995 aka shigar da wannan cikin ƙa'idar Ethernet, daga wata fasaha ta kamfanin National Semiconductor mai suna NWay.

To da wane baki suke magana? Da bugun lantarki! Bugu 17 na tsayar da lokaci, a tsakaninsu kuma gurbi 16 na saƙo. Ana maimaita wannan jerin bugun kusan sau sittin a daƙiƙa ɗaya, har sai ɗayan ya amsa. Da gudun gigabit ta wayar tagulla ya zo a 1999, gurbi 16 suka yi kaɗan, sai aka riƙa biyo su da ƙarin shafuka.

Amma wa ke gaya muku yadda cinikin ya kaya? Wata 'yar manhaja ce da ake kira direba, ita ce tafinta tsakanin katin da kwamfuta. A tsarin Linux, in kuka tambaye ta da umarnin ethtool, wanda David Miller ya fara rubutawa a 1998, jeri uku za ta iya kawo muku: abin da katin ya iya, abin da ya tallata, da abin da abokin cinikinsa ya tallata. Ku lura fa, na farko da na biyu ba lalle su zo ɗaya ba. Kati na iya ɓoye ƙarfinsa in an umarce shi!

Ga wadda za ku gwada da idonku. Ku ɗaga kan wayar, ku duba cikin 'yar robar nan mai haske. Silin waya takwas ne a jere, launi-launi. Gudun megabit 100 huɗu kawai yake amfani da su. Gigabit kuwa sai duka takwas. Idan mai matse kan wayar bai danne sili ɗaya da kyau ba, katuna da yawa ba za su yi ƙorafi ba, sai kawai su sauko zuwa 100 shiru. Kashi goma ya koma ɗaya saboda silin da bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba! Kafin ku zargi masu sayar muku da intanet, ku fara tambayar direba.

Yanzu ku gyara zama. A tsohon tsarin Linux, akwatin da aka ware don rubuta gudu ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 65,535. A lokacin wa zai yi zaton za a kai can? Ai kuwa aka doshi megabit 100,000! Dole aka yanko wani akwatin daga filin da aka ajiye a gefe, aka riƙa haɗa biyun a karanta lamba ɗaya.

Ba a nan ta tsaya ba. Jerin nau'o'in haɗi da kati zai ce ya iya gurbi 32 kacal aka ba shi. Kowane sabon gudu, kowace irin waya, ta tagulla ko ta gilashi, sai ta ci gurbi guda. Suka cika maƙil! A 2016, cikin Linux 4.6, aka kawo sabon tsari mai jerin da ke iya ƙara tsawo. Wannan gyaran yana burge ni ƙwarai, musamman gaisuwarsa: manhaja irin ethtool ta fara turo sifili, ma'ana ban san tsawon jerin ba. Linux ya mayar mata da tsawon, amma da alamar ragi a gabansa. Ta cire alamar, ta sake tambaya, sai a ba ta cikakkiyar amsa.

Idan direba bai san gudun ba fa, misali an zare wayar? Lambarsa ita ce -1, ethtool kuma ya rubuta “Unknown!” har da alamar motsin rai, kamar shi ma abin ya ba shi mamaki.

Kun san Ethernet na farko, wanda Bob Metcalfe da abokan aikinsa suka haɗa a cibiyar binciken Xerox da ke Kalifoniya, megabit 2.94 yake yi? A 2024 an amince da ƙa'idar gigabit 800. Ninki sama da 270,000 ke nan!

Sai kuma katin da babu shi kwata-kwata. Linux na ƙirƙirar wata waya ta cikin manhaja mai suna veth, don haɗa sassa biyu na kwamfuta ɗaya. Ba ta da tagulla, ba ta da fitila, ba ta ciniki da kowa. Amma ku tambayi direbanta gudu, nan take zai ce megabit 10,000. Kullum! Lamba ce da aka rubuta masa da hannu, ko bayanan na tafiya fiye da haka, ko ƙasa da haka.