Hukuncin fashi: yadda ake ɗaukaka ƙara idan hujjar ita ce «na gane shi»

A jihar Diffa, shari'ar fashi da makami takan rataya ne a kan kalmar mutum ɗaya: wanda aka tare a hanya ya nuna wani ya ce shi ne. Sau da yawa babu makami a hannu, babu kayan da aka sace. Ga mazauna sansanin Sayam Forage, wanda aka buɗe a ƙarshen 2014 domin ƴan gudun hijirar Najeriya, abin ya fi nauyi, don da yawansu ba su da takardun shaida, ba sa jin Faransanci, ba su kuma san tsarin kotunan Nijar ba.

Shin hukuncin kotun farko shi ne ƙarshe? A'a. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ta tanadi cewa duk wanda aka yanke wa hukunci yana da damar wata kotu ta sama ta sake duba shari'arsa. Haƙƙin ya shafi ɗan ƙasa da baƙo. Hukuncin babbar kotun Diffa ana ɗaukaka shi ne zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram, wadda ke sake nazarin hujjoji. Kotun ƙoli ta Yamai kuwa tana duba ko an bi doka ne kawai.

Lokaci shi ne abu na farko. A ƙa'ida kwana 10 ne bayan yanke hukunci. Ana rubuta ƙarar a wajen magatakardan kotun da ta yi shari'ar, wanda ke tsare kuma yana iya bi ta hannun shugaban gidan kaso. Iyalin da suka tsaya neman kuɗi har wa'adi ya wuce sun rufe ƙofar da kansu.

Me lauya zai ƙalubalanta? Mai shaida yana iya faɗin gaskiyar zuciyarsa amma ya yi kuskure. Don haka ake tambaya: da dare ne ko da rana? Ɗan fashin ya rufe fuska da rawani? Wane kwatanci mai shaida ya ba jandarmomi tun farko, kafin ya ga wanda aka kama? An jera masa mutane masu kama da juna, ko an kawo masa mutum ɗaya sanye da ankwa? A Amurka, ƙungiyar Innocence Project ta gano cewa kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke, kuskuren shaidar ido na cikin abin da ya sa aka ɗaure su.

Sai kuma yadda aka gudanar da shari'ar. Dokar ƙungiyar UEMOA ta 2014 ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Wanda ba ya jin harshen kotu yana da haƙƙin tafinta kyauta, da haƙƙin a yi wa masu shaida tambayoyi a gabansa, da na kiran nasa shaidu. Babarbaren da ya dangwala yatsa a takardar da ba a fassara masa ba yana da abin faɗa a Damagaram.

Marasa hali za su iya neman taimakon hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 domin tallafa wa talakawa a gaban shari'a, ta hanyar ofishinta a babbar kotun Diffa.

Wannan bincike yana amfanar wanda aka yi wa fashi shi ma: idan aka ɗaure wanda bai aikata ba, ainihin ɗan fashin yana nan a kan hanya.