Hattara da jakar dafa dankali a murhun lantarki



A rangadin da muka yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci, wata ɗaliba mai sana'ar ɗinki ta nuna mana hoton wata ƴar jaka a cikin salularta. Jakar ta ƙyalle ce, kamar ƙaramar rigar matashin kai. An gaya mata ana zuba dankalin turawa a ciki, a sa a murhun lantarki, cikin ƴan mintoci ya nuna. Tana so ta ɗinka da yawa ta aika Yamai a sayar. Ta tambaye mu ko akwai illa. Muka ce akwai, kuma illar gobara ce.

Wannan jaka a Amurka ta yaɗu. Mata na can suna ɗinka ta a gida da guntayen yadi, su ba da kyauta ko su sayar. Wasu sun ji daɗinta, wasu kuwa jakar ta kama wuta a cikin murhunsu. Murhun da ake nufi shi ne wanda Faransawa ke kira mikro-ond, wato akwatin nan mai ƙofar gilashi da ke ɗumama abinci ba itace ba gawayi. Wani Ba'amurke, Percy Spencer, ya gano dabararsa a 1945, kuma a 1967 aka fara sayar da ƙaraminsa na gida. Yau ana ganinsa a wasu gidaje da ofisoshi na Yamai, Maraɗi da Damagaram. Sau da yawa tsoho ne, ba takardar bayani, kuma ƴaƴanmu masu aikatau su ake bari da shi.

Don mu gane inda haɗarin yake, sai mu san yadda murhun ke aiki. Ba harshen wuta a cikinsa. Yana aika wani ƙarfi da ido ba ya gani, irin wanda ke kawo magana a rediyo. Ƙarfin yana motsa ruwan da ke cikin abinci da sauri ƙwarai, har ruwan ya yi zafi, abincin ya dahu. Dankalin turawa kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne. Muddin ruwan yana nan, shi ke shanye ƙarfin, tururinsa kuma yana jiƙa ƙyallen. To amma murhu ba ya da ido, bai san ruwa ya ƙare ba. Idan lokacin da aka sa ya yi yawa, dankalin ya bushe, ya fara ƙonewa, ga busasshen ƙyalle manne da shi.

A nan ƙasarmu abin ya fi muni. Dankalin da ya fito daga Bonkuku ko lambunan Abzin, ya yi makonni a kasuwa cikin zafin bazara, yakan yamutse, ruwansa ya ragu. Galibi ma ƙanana ne. Mintocin da aka ƙayyade wa manyan dankalin Amurka sun yi masa yawa. Murhunan ma ba ƙarfinsu ɗaya ba: wani wat 700 ne, wani ya wuce wat 1000.

Sai maganar ɗinkin, kuma a nan muke kira ga teloli. Abu uku ne a jikin jakar: ƙyallen waje, shimfiɗar da ke tsakiya, da zaren ɗinki. Dole dukansu su zama auduga zalla. Wannan yana da wuya a kasuwanninmu. Atamfa mai araha sau da yawa haɗin roba ce. Zaren keke mafi yawansa na roba ne. Soso da ƙyallen nan mai danƙo da ake mannawa da guga a wuyan riga suna narkewa idan sun sha zafi. Yadi mai zaren zinariya ko azurfa kuwa ya fi duka haɗari, domin ƙarfe yana tartsatsi a cikin wannan murhu, tartsatsin kuma ya faɗa kan ƙyalle. Haka zif, maɓallin ƙarfe, ko allurar da aka manta a ciki.

Akwai gwajin da iyayenmu mata suka daɗe da sani. A yanko ɗan ƙyalle kamar farce, a riƙe shi da awartaki a tsakar gida, ga ruwa kusa, a kunna masa ashana. Auduga tana ci da ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana ƙanƙancewa, ta narke, ta bar baƙin ƙullutu mai tauri, da warin leda. Zaren ma a gwada shi haka.

Kada wani ya ce tun da auduga ce shi ke nan. Auduga ma makamashi ce. Duk wanda ya taɓa ganin katifar auduga ta kama ya san halinta: a kashe ta waje, tana ci daga ciki. Jakar da ta sha mai ko man shanu ta fi saurin kamawa.

Mu dai a ganinmu jakar ba dole ba ce. A wanke dankali, a huhhuda shi da cokali mai yatsu, a sa a farantin tangaran ko na gilashi, a zuba ruwa cokali biyu, a rufe da wani farantin. Zai nuna sarai. Kwano, langa da tasa ba sa shiga wannan murhu, domin ƙarfe ne.

Wanda ya riga ya mallaki jakar, to ya sa dankalin da laimar wanki a jikinsa, kuma kada ya wuce minti 4 a tashi ɗaya. In ƙanana ne, minti 2 sai a duba. A tabbata farantin murhu yana juyawa, jakar ba ta maƙale a jikin bango ba. Kada a taɓa ɗumama ta ba komai a ciki, kada a sake mai da ita tana da zafi. Babban abu shi ne a tsaya a wurin. Kada a kunna a tafi salla ko ɗiban ruwa.

Idan aka ga hayaƙi ko wuta ta gilashin, kada a buɗe ƙofar. Hannu zai so ya buɗe, amma iska ita ce abincin wuta. A kashe murhun, a zare igiyarsa daga bango, a bar shi rufe har wutar ta mutu. Ba a watsa ruwa ga abin da ke haɗe da lantarki. Bayan ya huce, a fid da jakar waje, a tsoma ta cikin bokitin ruwa, sannan a yar. Idan wutar ta fito waje, a fid da yara, a kira masu kashe gobara a lamba 18.

Ɗalibar tamu ba mu kashe mata kasuwa ba. Mun ba ta shawara ta ɗinka jakar, amma don ajiye dankalin da ya riga ya dahu, ya riƙe zafinsa har mai gida ya dawo. Wannan ba ta shiga murhu, saboda haka kowane yadi ya yi.