Rabon gado a Tasawa da Mayahi: lissafin da ke hana rikici

A ƙidayar jama'a ta 2012, jahar Maraɗi ta zarce mutum miliyan 3 da dubu 400. A gundumomin Tasawa da Mayahi, jama'a sun ƙaru amma ƙasar noma tana nan yadda take, har barin gona ta huta ya zama da wuya. Saboda haka idan magidanci ya rasu a Korgom, ko Maijirgi, ko Kanambakashe, taki ɗaya na gona ko damin gero ɗaya yana iya raba zumuncin shekaru. Wani rikicin son zuciya ke kawo shi, wani kuwa kuskuren lissafi ne kawai, kuma wannan yana da magani.

Shari'a ta yanka kaso shida: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Wato ɗaya bisa 2, ɗaya bisa 4, ɗaya bisa 8, biyu bisa 3, ɗaya bisa 3 da ɗaya bisa 6. Ana fara rabo ne bayan an yi wa mamaci sutura, an biya bashinsa, an zartar da wasiyyarsa wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba. Wahalar tana zuwa idan kaso biyu ko uku suka haɗu a gado ɗaya.

Dabarar malamai ita ce neman lamba mafi ƙanƙanta wadda kowane kaso zai fita daga cikinta ba tare da ɓari ba. Ita suke kira asalin mas'ala. A lakwal kuma ita ce yara ke koyo da sunan PPCM. Hanyar samun ta mai sauƙi ce: a yi ta ninka kowace lamba har a ga inda suka fara haɗuwa. Ninkin 8 su ne 8, 16, 24. Ninkin 6 su ne 6, 12, 18, 24. Mahaɗarsu ta farko 24 ce. Idan lambobin uku ne, kamar 3 da 4 da 6, sai a kama babbar a riƙa ninka ta: 6 ba ta rabuwa gida 4, amma 12 tana rabuwa gida 3, da gida 4, da gida 6. Asali ya zama 12.

Ga misali. Wani manomi ya rasu ya bar mata ɗaya, da uwa, da uba, da ƴaƴa maza 5 da mata 3. A rumbunsa akwai dami 120. Matar tana da sumuni, wanda jama'a ke ce wa tumunin takaba. Uwa tana da sudusi, uba ma sudusi. Asali 24 ne, don haka sai a kasa dukiyar kashi 24, kowane kashi dami 5. Matar ta ɗauki kashi 3, dami 15. Uwa kashi 4, dami 20. Uba ma haka. Saura kashi 13 na ƴaƴa ne: kowane namiji kashi 2, dami 10, kowace mace kashi 1, dami 5. In an tara duka, dami 120 ne cif.

Kuskuren da ake yi shi ne a fidda kason wani, sa'an nan a fidda na gaba daga abin da ya rage. In aka cire wa matar dami 15, aka ɗebi sudusi daga cikin 105, uwa za ta tashi da 17 da rabi maimakon 20. An tauye mata dami 2 da rabi ba tare da kowa ya yi niyyar zalunci ba. Kowane kaso daga jimillar dukiya yake fita.

Idan matan biyu ne, sumunin nan ɗaya za su raba. Kashi 3 ba ya rabuwa gida 2, sai a ninka asali ya koma 48. Sumuni ya zama kashi 6, kowace ta sami 3. A gona ma haka ne: in faɗinta taki 240 ne, kuma tsawonta ɗaya ne ko'ina, kashi ɗaya cikin 24 taki 10 ke nan.

Wannan ilimi tsoho ne. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, yana da babi kan rabon gado. A Bagadaza, cikin ƙarni na 9, Alhawarizmi ya cika babban sashe na littafinsa na aljabara da lissafin gado da wasiyya. Malaman fiƙihu sun ƙidaya asali bakwai: 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24.

Sanin wanda ya gaji da wanda bai gaji ba aikin malami ne da alƙali. Amma duk wanda ya fita makarantar yaƙi da jahilci yana iya bin lissafin da alƙalaminsa, musamman mata, waɗanda rabonsu na gona ya fi saurin salwanta. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta tanadi kwamitocin kula da ƙasar noma. Ya kamata magada, bayan an gama rabo a gaban maigari da shaidu, su nemi takardar shaida wadda ke ɗauke da asalin mas'ala da kason kowa.