Yadda Za Ka Ja Kifin Roba Don Kama Manyan Kifaye Daga Bakin Teku

Idan kana fatsa a gaɓar teku, kamar Badagry a Legas ko Ada a Gana inda kogin Volta ke shiga teku, wataƙila ka ga masu jefa kifin roba ko na ƙarfe mai ƙugiya a jiki. Da yawa sukan saye shi da tsada, su wuni suna jefawa, su koma gida hannu rabbana. Galibi matsalar tana wajen jan zaren ne.

Kifaye masu farauta irin su barakuda suna gani da ido, kuma suna jin motsin ruwa ta wani layi da ke gefen jikinsu. Abin da suke nema shi ne ƙaramin kifi mai gudu ko wanda ya ji rauni. To, aikin hannunka ke nan: ka sa robar ta yi kama da shi.

Ja na bai ɗaya: Ka naɗe zaren ba tsayawa. Barakuda na son gudu, don haka kada ka ji tsoron sauri.

Ja da tsayawa: Ka naɗa sau 4 ko 5, ka dakata daƙiƙa 2, ka ci gaba. Sau da yawa a wannan ɗan tsayawar kifi ke kai cafka, saboda haka kada ka bar zaren ya saki.

Fizga: Ka riƙa ɗan fizgar kan sandar kana naɗe rarar zaren. Robar za ta riƙa karkacewa kamar kifin da ya jikkata.

Neman zurfi: Idan mai nutsewa ce, bayan ta faɗa ruwa ka ƙirga zuwa 5 kafin ka fara ja. Jifa na gaba ka ƙirga zuwa 10. Lambar da aka cafka a kanta, ka riƙe ta.

Ka fita da asuba ko gab da magariba, musamman lokacin da ruwan teku ke cikowa ko janyewa, domin a lokacin ne ƙananan kifaye ke taruwa a bakin kogi da gefen duwatsu. Ka ɗaura 'yar siririyar waya a gaban robar, don haƙorin barakuda na datse zare. In ka gama, ka wanke kayanka da ruwan daɗi, gishiri na cin ƙugiya. A kan duwatsu kuwa, kada ka juya wa igiyar ruwa baya.

Kafin ka ce robar ba ta da kyau ka sayi wata, ka gwada waɗannan hanyoyi huɗu, kowacce jifa 10. 'Yan ƙungiya su riƙa rubuta wadda ta yi aiki, da wurin da lokacin. Masu fatsar giwan ruwa da tsage a Kainji ma za su iya gwada su.