Mai son komawa farauta da bakan Turawa, tsaya ka ji tukuna

A kwanan baya wani ɗan kasuwa mutumin Safo, cikin gundumar Madarunfa, ya tare mu a bakin gidan rediyo bayan mun gama shiri, ya miƙo mana salularsa. Hoton wani Bature ne cikin daji riƙe da wani irin baka mai gargare biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, igiyoyi sun sarƙe tsakaninsu. Ya ce mana shi ɗan gidan maharba ne, ya baro kwari da baka tun yana saurayi ya kama sayar da hatsi, yanzu kuma da girma ya fara zuwa zuciyarsa ta koma daji. Yana da aboki mai zuwa Sin saro kaya, har ya yi niyyar ba shi kuɗi ya sayo masa irin wannan baka. Uwargidansa kuwa, mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta ce ba da jarinta ba. Shi ne ya zo neman shawara.

Mun ga maganar ta fi ƙarfin gida ɗaya, domin duk wanda ke da salula yau yana ganin irin waɗannan hotuna, kuma galibi aljihun ɗan kasuwa ko asusun adashen mata ake dosa idan sha'awa ta motsa. Shi ya sa muka kawo ta wannan fili.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan

Kwari da baka tsohon abu ne a ƙasar Katsinar Maraɗi. Tun lokacin da Katsinawa suka kafa Maraɗi a farkon ƙarni na 19, ƴan baka na cikin mayaƙan da suka tsare garin, kuma har yau sarautar Sarkin Baka ba ta ɓace a ƙasar Hausa ba. Da, sai an kawar da amfanin gona an yi buɗin daji sannan maharba ke fita.

Abin lura a nan shi ne, kayan maharbin gargajiya duka na gida ne. Icen baka daga daji yake, irin su dargaza. Tsirkiya ta fata ce. Jikin kibiya kyauro ne, kanta kuma maƙerin unguwa ke ƙerawa, ya fitar mata da kunnuwa. Dafi daga kwankwani ake haɗa shi. Idan tsirkiya ta tsinke da hantsi, kafin la'asar an murɗa wata. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Mene ne baka mai gargare?

Wani Ba'amurke mai suna Holless Wilbur Allen, mutumin jahar Misuri, shi ya ƙirƙiro shi. Ya nemi takardar mallakar fasahar a 1966, aka ba shi a 1969. Dabarar irin ta gargaren rijiya ce, wanda ke sauƙaƙa wa mai jan guga. Bakan gargajiya, iya jan da ka yi masa iya taurin da yake ƙarawa, shi ya sa maharbi ba ya daɗewa yana saiti. Shi kuwa wannan, da ka ja ya wuce tsakiya sai gargaren su juya, nauyin ya faɗi. Bakan da ke buƙatar ƙarfin kilo 27 wajen ja, idan ya kai ƙarshe abin da hannu ke riƙewa bai fi kilo 5 zuwa 8 ba. Kibiyarsa na iya gudun mita 90 cikin daƙiƙa ɗaya. Ya samu karɓuwa ƙwarai, har an sa shi cikin wasannin Olamfik da za a yi a birnin Los Anjalas a 2028.

Wannan duka gaskiya ne. Amma mai talla ba ya faɗin aibin hajarsa, wannan ku ƴan kasuwa kun fi mu sani.

Baka ne da ake aunawa kamar riga

Bakan kakanninmu, wa na iya ara wa ƙane. Wannan ba haka yake ba, domin yana da iyakar inda jansa ke tsayawa, kuma dole iyakar ta dace da tsawon hannun mai shi. Ga yadda ake awon: mutum ya buɗe hannuwansa biyu, a auna daga kan yatsa zuwa kan yatsa, a raba da biyu da rabi. Wanda awonsa ya ba da santimita 175, tsawon jansa wajen santimita 70 ke nan, wato inci 27 da rabi, tunda da inci masu sayarwa ke lissafi. Idan ya yi maka tsawo tsirkiya ta riƙa dukan damtsenka, idan ya yi gajarta saiti ya ƙi zama.

Na biyu nauyin ja. Da fam ake rubuta shi a jikin bakan: fam 40 kusan kilo 18 ne, fam 60 kilo 27, fam 70 kuma kilo 32. Mutumin da ya shekara ashirin yana zaune a rumfa yana awon gero, kafaɗarsa ba ta saurayi ba ce. Kada kuri ya sa ya ce sai mai fam 70. Gwajin da masu abin ke yi mai sauƙi ne: ka zauna bisa kujera ka ja a hankali. Idan sai ka ɗaga bakan sama kana nishi sannan ya jawu, to ya fi ƙarfinka. Ga mai dawowa, gara wanda ake iya sassautawa da ɗaurewa, ya fara daga ƙasa. Zomo da zabon daji ba su buƙatar ƙarfin da ake harbin ɓauna da shi.

Na uku, akwai na dama akwai na hagu, kuma ba a juya su. Bahago da aka sayo wa na dama ya yi asarar kuɗinsa. To mutumin da bai taɓa riƙa abu ba, ya aika a sayo masa daga wata ƙasa, in ba cinikin biri a sama ba me ya yi?

Kuɗin ba a bakan kaɗai suke ba

Nan ne uwargidan mutumin namu ta fi shi hangen nesa. Wannan baka ba ya karɓar kibiyar kyauro. Ƙarfinsa na iya farfasa ta tun ba ta bar hannu ba, tsinken ya shige wa maharbi a hannun da ke riƙe da baka. Sai kibiyoyinsa na masana'anta, na kabon ko na alminiyom, waɗanda taurinsu ya dace da nauyin bakan. Su ma duk wadda ta bugi dutse sai an lanƙwasa ta kusa da kunne an saurara, in ta yi ƙara ta tsage, sai yarwa. Kowace kibiya da ta ɓace cikin sabara, kuɗi ne suka tafi, kuma maƙerin unguwa ba ya da madadinta.

Bayan kibiya akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a wuyan hannu ana sakin tsirkiya da shi, da abin saiti, da mazaunin kibiya, da fatar kare damtse, da kakin shafa wa tsirkiya, sannan ga kuɗin jirgi da na duwan. Kafin a gama, abin da aka kashe na iya kai jarin wata mai tebur na shekara guda.

Babban abin tsoro kuma shi ne gyara. Idan aka ja wannan baka aka sake shi babu kibiya, sau ɗaya tak ya isa ya tsinke igiyoyi, ya lanƙwasa gargare ko ya tsaga reshe. A gidajenmu kuwa, inda yara da baƙi kowa ke son taɓa sabon abu, wa zai yi gadin wannan? Sauya tsirkiyarsa ma sai da wata na'urar matse baka. Zafin rana na lalata igiyoyin, ƙurar hunturu na shiga gargaren. Don haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: idan ya lalace wa zai gyara, kuma ina ake samun kayansa? Idan babu amsa, to ado ne aka sayo na rataye a ɗaki.

Dajin fa, yana nan yadda ka bar shi?

Mai komawa farauta yakan ɗauka dajin ƙuruciyarsa na jiransa. Dajin Baban Rafi, wanda a da har giwaye ke shigowa cikinsa daga wajen dajin Rugu na Katsina, gonaki da saran itace sun ci gefensa, manyan namun daji sun yi ƙaranci. Abin da ya saura galibi ƙanana ne, irin su zomo, fakara, zabo, kurege da gafiya.

Sannan akwai doka. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar, ta ce ba a farauta sai da takardar izini, ta kuma ware takarda ta musamman domin farautar gargajiya. Ta hana farauta da wuta, da fitila cikin dare, da abinci mai guba, ta kuma jera dabbobin da ba a taɓawa sam. Kafin a fitar da ko dala, a je ofishin ma'aikatan gandun daji a Madarunfa a tambayi lokacin da aka buɗe farauta, da irin takardar da wannan baka yake buƙata. Mata masu sayen naman daji su ma su kula, domin naman da aka kama ba bisa ƙa'ida ba, a hannun wanda aka gan shi ake tambaya.

Abu na ƙarshe ya fi duka nauyi. Kowa ya san halin da ƙauyukanmu na bakin iyaka suka shiga sanadin ɓarayin shanu da masu satar mutane, har a 2019 dubban ƴan'uwanmu daga Najeriya suka yi gudun hijira zuwa jahar Maraɗi. Mutum shi kaɗai cikin daji da baƙon makami, yana iya gamuwa da miyagu, yana kuma iya gamuwa da jami'an tsaro su ɗauke shi wani abu daban. Kuma kada wani ya ruɗi kansa cewa baka, komai tsadarsa, zai tsare masa gida gaban mai bindiga.

Shawarar da muka ba shi

Mun ce masa ya fara zuwa gaida dattawan maharban garinsu, ya sanar da mai gari, ya nemi takarda. Ya sa a ɗaure masa bakan gida, ya cika buhu da ƙaiƙayi ya kafa a bayan gari inda ba mutane ba dabbobi, ya yi wata uku yana harbi daga taki ashirin. Idan bayan nan kafaɗa ta ɗauka, sha'awar kuma ba ta gushe ba, to ya auna hannunsa, ya rubuta awon da nauyin da hannun da yake harbi da shi a takarda, ya haɗa da kibiyoyi dozin da tsirkiyar ajiya, sannan ya aika. Kuma da ribarsa, ba da uwar kuɗin uwargida ba.

Ya yi dariya ya ce ashe ita ta ci shari'ar. Muka ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu da dazuzzukanmu, ya sa albarka a kasuwa, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.