Ƙarshen kaka a Madarumfa: abin da Anne yake gani cikin duhun ɗari

Daga watan Nuwamba, duk wanda ya yi sammako zuwa kasuwar Ɗan Isa ko ta Jiratawa ya san yadda gari yake. Rana ba ta fitowa da wuri, hazo ya rufe tafkin Madarumfa, gonaki sun koma kara, dare ya yi tsawo. Ga ɗan kasuwa, lokacin sayen hatsi ne da araha. Ga iyayenmu mata, lokacin biki ne da neman kuɗin kayan ɗaki. Amma akwai wasu mutane a wannan ƙasa tamu da suke yi wa lokacin wani kallo dabam, su ne Anna, waɗanda ake kira Azna a Adar, a Nijeriya kuma Maguzawa.

Kakana na wajen uwa Anne ne, kuma a kan gadon iyayensa ya rasu. Ni da na tashi cikin Musulunci, ina yaro na sha kwana a gidansa bayan an kai amfani gida, kuma abin da na gani shi ne zan ba ku labari.

A wurinsa, duhun nan farkon shekara ne. Manoman ƙasarmu suna da nasu lissafin wata, wanda ba na Turawa ba ne, ba kuma na Hijira ba. Suna fara ƙirga bayan an gama kaka, har a kai watan bakwai da ake sa ran ruwan shuka. Shi ya sa ake cewa watan bakwai maƙarar rani. Idan tsohon ya ga taurarin Kaza sun fito gabas da almuru, ya san ƙasa ta shiga hutu. A ganinsa, kamar yadda iri yake kwana cikin ƙasa kafin ya tsiro, haka shekara take fara rayuwarta cikin duhu, ba a kuma tayar da ita da hayaniya.

Abu na biyu shi ne biyan bashi. Anne ya yarda Allah ne ya yi sama da ƙasa, amma yana ganin gona da daji suna da masu su, wato iskoki irin su Doguwa da Kure, waɗanda kakanninsa suka ƙulla alkawari da su. Kafin shuka ya yi roƙo, to bayan girbi dole ya koma ya cika alkawari. Kowane iska da launin dabbar da ake yanka masa. Kakana ba ya yarda a kai sabon gero kasuwa sai ya zuba gumba a gindin tsamiyar da ubansa yake zubawa. A nan yake ambaton iyayensa da suka riga shi, ɗaya bayan ɗaya. Na lura duk ranar da ya yi haka ba ya son yawan magana.

Abu na uku, wanda ya fi shafar ku masu karatu, shi ne rufe rumbu. A al'adar ƙwarin Maraɗi, hatsin gandu na gida ne baki ɗaya. Da an gama kaka, maigida yakan rufe babban rumbu, ba za a buɗe ba sai an koma aikin damina. Samari su tafi cin rani, mata su riƙe kansu da ƴaƴansu da abin da suka samu a gamanarsu da ƴar sana'arsu, ko fura ko ƙuli-ƙuli. Nauyin nan a kan mata yake faɗawa, kuma ba ƙaramin nauyi ba ne. Amma ga kakana, taɓa wannan rumbu kafin lokaci ba ɓarna ba ce kawai, cin amana ne ga matattu da waɗanda ba a haifa ba. Daji ma ana rufe shi, sai an yi buɗin daji, bikin da aka san Aznan Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, da shi.

Wani Bafaranshe mai bincike, Guy Nicolas, ya zauna cikin mutanen wannan ƙwari, ya fitar da babban littafi a kansu a 1975. Cikin abin da ya bayyana har da bikin dubu, inda manomin da ya tara dami dubu yake rabar da dukiyarsa ga jama'a kafin a kira shi sarkin noma. Ke nan a wurin Anna girma ba ya zuwa daga abin da ka sayar, sai daga abin da ka adana da abin da ka bayar.

Yau Anna sun yi ƙaranci ƙwarai a gundumar Madarumfa, garin da aka fi sani da kushewun waliyyai 99 da ke kewaye da tafki. Jikokinsu mu ne, muna salla, muna fitar da dami ɗaya cikin goma na zakka. Ba wanda yake cewa a koma gindin tsamiya. Amma mu tuna da 2005. Bayan fari da farar ɗango na 2004, manoma da yawa sun sayar da ɗan abin da suka samu tun da kaka don biyan bashi. Da damina ta zo, buhun gero ya haura jika 20, asibitocin tamowa na Maraɗi suka cika da yara. Wanda ya sayar da tiya da araha, shi ya dawo yana neman ta da tsada.

Don haka, Alhaji mai sayen hatsi, idan manomi ya zo maka da gero cikin hazon nan, ka tambaye shi ko ya bar na gida. Ke kuma Hajiya mai awo, kafin ki juye gamanarki a kasuwa saboda biki, ki tuna da bankin cimaka na garinku, ki tuna watan bakwai da nisa. Tsohon da ba ya karatu ya san wannan, shi ya sa yake liƙe bakin rumbunsa da laka, ya zauna ya jira.

Allah ya kai mu damina lafiya.