Alaric, Sunan Sarkin da Ya Ci Birnin Rum

A watan Agustan shekarar 410 mayaƙan ƙabilar Bisigot suka kutsa birnin Rum, suka yi kwana uku suna kwasar ganima. Rabon birnin da faɗawa hannun baƙi kusan shekara 800 ke nan. Sarkin da ya ja ragamarsu shi ne Alaric.

Sunan ya fito daga Gotik, wani tsohon harshe ɗan'uwan Jamusanci. Kalma biyu aka haɗa: "ala", wato duka, da "rik", wato mai mulki. Ma'anarsa mai mulkin kowa da kowa. Wannan "rik" ɗin ne a ƙarshen Frederick da farkon Richard.

Alaric bai ci moriyar nasararsa ba, domin ba da daɗewa ba ya rasu a kudancin Italiya. Ana ba da labarin cewa mutanensa sun karkatar da kogin Busento, suka binne shi da dukiyarsa, sannan suka maido da ruwan a kan kabarin.

Shirin talabijin na Amurka, The Vampire Diaries, da aka fara a 2009, ya sake jawo hankali ga sunan ta hanyar wani malamin tarihi a cikin shirin, Alaric Saltzman. Iyaye kan so sunan saboda kwarjininsa, kuma da wuya yaro ya tarar da takwara a ajinsu.